Ɗakin da ba ya shan iska a damina

Duk wanda ya taɓa kwana cikin shigifa a tsakiyar marka ya san abin da za mu faɗa. Mutum ya tashi da asuba, ya fita tsakar gida, ya ɗan jima, sa'an nan ya komo. Yana ɗaga labule sai wani wari mai nauyi ya tare shi a bakin ƙofa: warin gumi, da na jiƙaƙƙen tufa, da na tsohon hayaƙi, da wani kamar na rijiyar da aka daɗe ba a ja ba. Cikin wannan wari ya kwana shi da iyalinsa, amma bai ji ba, domin hanci ya saba. Hanci na sabawa, huhu kuwa ba ya sabawa.

A wata damina yawon aiki ya kai mu wani ƙauye kudu da Madarumfa, ruwa ya tsare mu, muka kwana a can. Mai masaukinmu manomi ne, mutumin kirki, gidansa tsaf. Duk daren nan muna jin tarin ƙaramin yaro ta bayan bango. Da gari ya waye muka dubi ɗakin da tarin ke fitowa. Nan uwargida ke kwana da yara biyar. Taga ɗaya gare shi, ba ta fi tafin hannu biyu ba, ita ma an cusa mata tsumma da tsohon buhu.

Muka ce masa: "Maigida, wannan taga me ta yi aka toshe mata baki?"

Ya yi dariya, ya ce: "Malam, ai abu uku ne. In na buɗe, sauro ya shiga. In sauro bai shiga ba, sanyi ya kama yara. In sanyi bai kama su ba, ɓarawo ya zura hannu."

Amsarsa ba ta wauta ba ce. Sauro gaskiya ne, ɓarawo ma gaskiya ne. Sai dai ya ƙidaya abin da ya hana shiga, bai ƙidaya abin da ya hana fita ba. Babban mutum ya kan shaƙi iska kimanin lita dubu 10 a yini da dare. Wannan daidai yake da tano 50, irin mai cin lita 200. Mu kan tace ruwan da za mu sha, mu tsince hatsin da za mu ci, amma iskar da ta fi su yawa nesa ba kusa ba, ba mu tambayar inda ta kwana.

Daga ina danshi ke zuwa?

Ƙasarmu ƙasar rana ce, shi ya sa maganar danshi ba ta cika damun mu ba. A watan Maris, a Yamai ko a Tawa, danshin iska ya kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, har wanki ya bushe kafin a gama shanya. Amma daga Yuli zuwa Satumba iska ta kan juya. Ta kan buso daga kudu maso yamma, daga wajen teku, ɗauke da ruwa. A watan Agusta, da asuba, danshin ya kan haura kashi 80. Gaya na samun ruwan sama kimanin milimita 800 a shekara, Maraɗi kimanin 500, Tawa kuwa ba ta cika kai 400 ba, kuma kusan dukansa cikin wata uku ko huɗu yake sauka. Ke nan gidajen da muka gina domin tsare rana da ƙura, su kan wayi gari cikin ƙasar laima.

Ba a bukatar wani ma'auni kafin a gane ɗaki mai danshi. Gishiri ya dunƙule cikin kwalba. Ashana ta ƙi kamawa. Ƙyauren katako ya kumbura ya ƙi rufuwa. Takalmin fata da aka aje ƙarƙashin gado ya yi fari-fari ko kore-kore. Gindin bango ya yi duhu, in an taɓa shi a ji sanyi.

Wani ruwan daga ƙasa yake hawa bango, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Wani kuwa hadari ke jifan bango da shi. Amma akwai wanda mu da kanmu ke kawowa. Mutum yana barci, numfashinsa da fatarsa suna fitar da ruwa kimanin sulusin lita kafin safiya. Mutum shida cikin ɗaki ɗaya, ruwan ya kai lita ɗaya da rabi ko fiye. Ƙara da kayan da ruwa ya daka a gona aka rataye bisa igiya, da randar da ke tsatsafo a lungu, da kaji ko ɗan akuya da aka shigo da su gudun ruwa. In ɗaki a rufe yake, wannan ruwa ba shi da wurin zuwa sai bango, da katifa, da tabarma.

Masu ɗakin kwano sun san wani abu da ke ba su mamaki: ba a yi ruwa ba, kwano bai huje ba, amma da asuba yana ɗiga. Ga dalili. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi ɗaukar ruwa. A ce akwati ne mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, zurfin mita 1. Iskar da ta cika shi, in zafi ya kai digiri 30, tana iya riƙe ruwa giram 30. In zafin ya sauka zuwa digiri 20, giram 17 kaɗai take iya riƙewa, sauran sai ta sauke. Haka raɓa ke sauka bisa ciyawa. Kwano na saurin yin sanyi da dare, numfashin mutanen ɗaki ya taɓa shi, ya zama ruwa, ya komo musu bisa mayafi.

Inda danshi ya zauna, fumfuna na biye. Fumfuna, wadda wasu ke cewa hunhuna, abu ce mai rai. Tana tsiro, tana watsa iri cikin iska, irin da ido ba ya gani. Shi ne muke shaƙa. Ga wani atishawa ce da toshewar hanci da ba su ƙarewa, ga wani tari, ga mai ciwon fuka kuwa tashin ciwonsa ne da tsakar dare. Share ta daga bango ba ya kashe ta. Muddin bangon bai bushe ba za ta komo.

A nan sai mu ja kunnen masu shafa wa bangon ƙasa siminti ciki da waje don ya yi kyau. Bangon ƙasa yana shan ruwa, yana kuma fitar da shi in ya sami iska. In an kulle shi da siminti alhali gindinsa na cikin laima, ruwan ya kan tsaya ciki, ƙasar ta yi laushi a ɓoye, wata rana simintin ya ɓallo falle guda. Bango mai laima ba ƙirji kaɗai yake cuta ba. A daminar 2024 dubban gidajen ƙasa suka zube a faɗin Nijar, har tsohon masallacin unguwar Birni ta Damagaram, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, ya faɗi cikin watan Satumba bayan ruwa mai yawa.

Hayaƙin damina

Da rani mata na girki a fili, iska ta kwashe hayaƙi. Da ruwa ya sauka sai murhu ya yi ƙaura. Ya shiga madafi maras taga, ko zaure, ko ma ɗakin kwana. Icce kuwa ya jiƙe, kara ya jiƙe, kandilo ya jiƙe. Jiƙaƙƙen icce ba ya ci da kyau, sai dai ya yi ta turnuƙe. Mai girki ta duƙa tana hurawa, ido na hawaye, goyo na bayanta yana shaƙar abin da take shaƙa. In wutar ta ƙi kamawa, wasu su kan tura mata leda ko guntun roba, hayaƙin da ya fi na iccen muni.

A ɗaga kai a dubi azarar madafi. Baƙar kunkunniyar nan da ta yi mata riga ba daga sama ta sauko ba, daga murhu ta tashi. Abin da ya manne wa azara shi ne mai kauri. Mai laushin, wanda ya fi garin toka laushi, shi ke bin numfashi har can cikin huhu, inda tari ba ya iya fiddo shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, musamman hayaƙin girki, ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3 da dubu 200 a duniya, cikinsu har da yara fiye da dubu 237 waɗanda ba su kai shekara 5 ba. Yawancin waɗannan yara ciwon huhu ne ya ɗauke su, wanda muka fi sani da ciwon haƙarƙari. Ga mata kuwa, shekara da shekaru bisa murhu su kan bar tari da nauyin ƙirji irin na mai shan taba, alhali ba su taɓa kai taba baki ba.

Maganin farko ba ya cin kuɗi da yawa. Rumfa ce. A yi wa murhu rumfa mai rufin kirki, a tare mata gabas da zana ko ɗan bango saboda feshin ruwa, sauran fuskokin a bar su a buɗe. A ƙarƙashin rumfar a yi ɗan ragaya ko a jera duwatsu a ɗora iccen gobe da na jibi, ya sha ɗumin wuta ya bushe. Matar da ke da busasshen iccen kwana uku a aje ta rage wa kanta rabin wahala. Jariri kuwa, in akwai yarinya ko kaka da za ta riƙe shi nesa da murhu har wuta ta kama sosai, a ba ta shi. Lokacin hura wuta hayaƙi ya fi yawa.

Tun shekarun 1980 aka shigo da murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, da na laka da ake kira Albarka. Suna tattalin icce, wannan ba gardama, kuma daji na godiya. Amma kada a ɗauka sun gama da hayaƙi. Mai Sauƙi cikin rufaffen ɗaki da jiƙaƙƙen icce, hayaƙi ne dai. Gas ya fi su tsabta ƙwarai, kuma tun da matatar mai ta SORAZ da ke kusa da Damagaram ta fara aiki a 2011, ana samun na gida. Mun san ba kowane ƙauye yake kaiwa ba, ba kuma kowane aljihu ke ɗaukar sa ba. Wanda ya samu, shi ma ya bar taga a buɗe sa'ad da yake girki.

Akwai wani hayaƙi da muke saye da kuɗinmu: maganin sauro na kunnawa, mai naɗi kamar maciji. Wani bincike da aka buga a 2003 ya auna ƙurar hayaƙin da guda ɗaya ke fitarwa, aka tarar ta kai ta karan taba 75 zuwa 137. Mu kan kunna shi, mu rufe ƙofa da taga don kada hayaƙin ya tsere, mu kwantar da yara a ciki. An gudu ba a tsira ba ke nan. Wanda ya ga dole sai ya kunna, ya kunna tun da magariba ɗaki ba kowa, ya kashe, ya bar hayaƙin ya fita kafin a shiga kwana. Fitilar kananzir mai baƙin hayaƙi ita ma ta sami magaji, tun da fitila mai aiki da hasken rana ta cika kasuwanni.

Abu biyu masu kisa cikin dare ɗaya

Danshi da hayaƙi a hankali suke cuta. Akwai biyun da ba su jira.

Na farko gawayi ne. In an yi ruwan dare, gari ya yi sanyi, sai a shigo da kaskon wuta ɗaki a rufe ƙofa. An fi yi wa mai jego da jaririnta haka, don ƙauna. Ana ganin tun da gawayi ba ya hayaƙi, ba shi da laifi. Nan haɗarin yake. Garwashin da ke ci a wurin da iska ta yi kaɗan yana fitar da wata iskar guba da masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Ta kan shiga jini ta tare wurin iskar kirki. Mutum ya fara jin ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, ya ɗauka gajiyar noma ce, ya gyara kwanciya. Mai barci kuwa ba ya jin kome. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi dukansu da ciwon kai lokaci guda, kuma akwai garwashi a ɗakin, a fitar da su fili nan take, a buɗe ƙofa, a kai su likita ko da sun ce sun ji sauƙi. Injin ba da wutar lantarki ma irin wannan guba yake fitarwa. Ba a shigo da shi zaure ko ɗaki gudun ruwa ko gudun ɓarawo, ba a kuma aje shi ƙarƙashin taga. Mai jego a ɗumama ta da tufafi da bargo. In an ɗumama ɗakin da wuta, a fitar da kaskon kafin a kwanta.

Na biyu ƙwayar kashe ƙwarin hatsi ce, irin su Phostoxin, wadda ake jefawa cikin buhun wake. Ƙwayar nan da danshi take aiki. Da iska mai laima ta taɓa ta, sai ta fara sakin iskar guba mai ratsa buhu. Abin da ke kashe ƙwaro yana kashe mutum, yaro kuwa ya fi saurin faɗuwa. Buhun da aka sa wa ƙwaya ba ya kwana ɗaki ɗaya da ɗan Adam, ba ya kuma kwana a ɗakin da ya haɗa bango mai rami da ɗakin kwana. Tun wajen shekarar 2008 buhun PICS mai riga uku ya yaɗu a ƙasarmu. Ba ya bukatar ƙwaya, domin in an ɗaure shi da kyau ƙwaron na rasa iska ya mutu.

Tun da mun taɓo hatsi, bari mu ƙarasa. Ƙarshen damina a kan shigo da sabuwar gyaɗa ko wake ɗakin kwana tun ba su bushe ba. Su ƙara wa ɗaki danshi, ɗakin shi ma ya hana su bushewa. Fumfunar gyaɗa da ta masara tana barin dafi da ake kira afulatoksin, mai cutar hanta, wanda suya ko dahuwa ba ta kashe shi. Ga gwaji mai sauƙi na hatsi. A sami busasshiyar kwalba, a zuba hatsi dunƙule ɗaya da busasshen gishiri cokali biyu, a rufe, a girgiza, a bari ya ɗan jima, a sake girgizawa. In gishirin ya manne jikin kwalba, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi rana. In an aje buhu, a ɗora shi bisa icce ko duwatsu, kada ya taɓa daɓe, kada ya jingina da bango.

Ɗaki na son baki biyu

A ɗauki kwalba a hura iska cikin bakinta. Iskar ba ta shiga, domin ta ciki ba ta da hanyar fita. A ɗauki sarewa a hura, iska ta wuce. Ɗaki mai ƙofa ɗaya ba taga, kwalba ne. Taga ɗaya a bango ɗaya da ƙofa ita ma ba ta canza abu da yawa ba. Sai an sami mashiga da mafita a bangaye biyu masu kallon juna, sa'an nan iska ke ratsa ɗaki ta kwashe abin da ya kwana.

A ina za a huda? Tsofaffin magina sun riga sun ba mu rabin amsa. Ba su son buɗe ɗaki ta gabas, domin ta can hadari ke tasowa da iskarsa da feshinsa. Shi ya sa ma bangon gabas ya fi cin yaɓe. Iskar yau da kullum ta damina kuwa, mai sanyaya jiki, daga kudu maso yamma take. Saboda haka mashiga ta kasance kudu ko yamma, kada ta yi sama ƙwarai, don iskar ta bi ta kan masu kwana. Mafita ta kasance a bangon da ke kallonta, can sama kusa da rufi. Iska mai ɗumi sama take tashi, kamar yadda muke ganin hayaƙi na yi. Numfashinmu da zafin jikinmu can suke taruwa, in sun sami rami su fice, sabuwar iska ta biyo bayansu ko da gari ya yi tsit.

Girman fa? A ƙasashe da dama ƙa'idar gini ita ce faɗin tagogi ya kai kashi 1 cikin 10 na faɗin daɓe. Mu yi lissafi tare. Shigifa mai mita 3 da mita 4, daɓenta murabba'in mita 12 ne. Kashi 1 cikin 10 na 12 shi ne 1 da ɗigo 2. Taga biyu ke nan, kowace santimita 60 da santimita 100. Mun san wannan ya yi wa bangon ƙasa da yawa a idon wasu. Wanda bai iya ba, ya yi rabin haka. Ƙananan taga biyu masu kallon juna sun fi babba ɗaya mai zaman kanta.

Maganar ɓarawo da ta masu leƙe tana da magani. Mafita tana sama da kan mutum, ba mai leƙa ta. Maimakon rami ɗaya mai faɗi, a yi ƴan siraran ramuka uku ko huɗu a jere, waɗanda kai ba ya shiga. Mashiga kuwa a gitta mata sandunan ƙarfe, a yi mata ƙyaure mai buɗewa sama, wanda zai zama mata laima in ana yayyafi. Maganar sanyi kuma, yaro a sa masa riga a rufa masa zane. Ba iskar dare ke kawo ciwon haƙarƙari ba. Ƙwayoyin cuta ne, waɗanda wani ke tari ko atishawa wani ya shaƙa, kuma sun fi samun dama a rufaffen ɗaki mai cunkoso, ga huhun da hayaƙi ya riga ya gajiyar. Tarin fuka ma ta wannan hanya yake bi daga mutum zuwa mutum. Mun taɓa jin wata tsohuwa na cewa taga a buɗe da dare hanyar iskoki ce. Ba mu ja da ita ba, sai muka tambaye ta ko bango na tare su. Ta yi shiru, sa'an nan ta yi dariya.

A dubi bayan ɗaki kuma. Taga ba ta da amfani in an kafa mata katanga a hanci, ko an shuka masara da gero har gindin bango. A bar taku uku ko huɗu fili. Duma ko kabewa da ta hau rufin soro tana riƙe laima. Indararo ya zubar da ruwansa nesa da bango, a yi masa hanya, a kuma tara ƙasa a gindin bangon ta yi gangare zuwa waje.

Wanda ke son ganin ko ɗakinsa na shan iska, ya kunna ɗan turare a tsakiyar ɗaki, ya rufe ƙofa kamar yadda yake yi da dare, ya zauna ya duba. In hayaƙin ya karkata ya nufi taga, madalla. In ya miƙe sama ya taru ƙarƙashin rufi ya tsaya, haka numfashin iyalinsa ke yi kowane dare.

Da rana ma akwai aiki. A damina iskar waje ta fi laima da asuba, ta fi bushewa daga hantsi zuwa la'asar in rana ta fito. Wannan ne lokacin wangale ƙofa da taga, a ɗage labule, a fitar da tabarma da katifa da bargo su sha rana, a janye akwati da gado kaɗan daga jikin bango. Kafin magariba a mayar da kome, a rufe ƙofa, domin lokacin shigar sauro ne.

To, sauron fa?

Shi ne babbar hujjar mai masaukinmu, kuma zazzaɓin cizon sauro ba abin wasa ba ne a Agusta da Satumba. Amsar ita ce raga, ba tsumma ba. Raga na tare sauro ta bar iska ta wuce. Ta ƙarfe ko ta roba da ake sayarwa a kasuwa ta fi ƙarko. Wanda bai samu ba, ya yanki wuri mai kyau daga tsohon sange, ya ɗaure bisa ƴan sanduna ya kafa a bakin ramin, ya liƙe gefe da laka. A riƙa kakkaɓe mata ƙura da yanar gizo, in ba haka ba ta toshe.

A ƙasar Gambiya an yi gwaji a gidaje 500, aka buga sakamakon a 2009. Gidajen da aka sa wa raga, sauron da ke shiga cikinsu ya ragu da kusan rabi ko fiye, yaran cikinsu kuma ƙarancin jini ya ragu gare su. Akwai wani abin lura. Sauro yana gano mu ne ta iskar da muke fitarwa da warin jikinmu. Ɗaki kuwa, in ya rufu ya yi zafi, mutane ba su iya kwana cikin sange, sai su yaye shi da tsakar dare ko su fito tsakar gida. Ɗakin da iska ke ratsawa ya fi daɗin kwana cikin sange. Raga ba ta maye gurbin sange, tare suke aiki. Masu ɗakin kago su duba tsakanin bango da jinka, domin ta wannan rata sauro ya fi shiga. In za a toshe ta da laka, sai a huda taga mai raga a madadinta, kada a kulle ɗakin baki ɗaya.

Ƙidayar numfashin yaro

Duk gyaran da aka yi, yaro zai yi mura wata rana. Abin da ya kamata uwa da uba su iya shi ne rarrabe mura da ciwon huhu. A bari yaro ya natsu, ba ya kuka. A ɗaga rigarsa, a dubi cikinsa, a ƙidaya sau nawa yake tashi cikin minti ɗaya cif, da agogo ko da wayar hannu. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60, numfashinsa ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa wata 11, in ya kai 50. Daga shekara 1 zuwa shekara 5, in ya kai 40. Yaro mai tari da saurin numfashi a kai shi likita a ranar. In ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki sa'ad da yake jan numfashi, ko ya kasa shan nono, ko ya yi lis ba ya farkawa da sauƙi, ba a jiran safiya. Tun 2014 allurar rigakafin ɗaya daga cikin manyan ƙwayoyin ciwon huhu ta shiga jerin alluran jarirai a Nijar, a duba katin yaro a ga ko ya sami nasa duka. Babba kuma da ya yi sati 2 yana tari, ya je a auna majinarsa. Tarin fuka na warkewa da maganin wata 6, in an sha shi har ƙarshe.

Wanda ke da taga a toshe, yau zai iya zare tsumman ya sa raga. Hudar sabuwar taga kuwa ba aikin damina ba ce, domin jiƙaƙƙen bango ba ya son sara. A bari sai bayan kaka, bango ya bushe, kuɗin wake ya shigo. A nemi magini, ya gitta icce mai ƙarfi ko ƙarfe a saman ramin don ya ɗauki nauyin bango, ya kuma nisanci kusurwa da wurin da azara ta zauna. Mai sabon gini shi ya fi kowa sauƙi, ya faɗa wa magini tun ana aza tubali.

Cikin hunturun da ya biyo baya hanya ta sake bi da mu ta ƙauyen nan. Muka tarar mai masaukinmu ya huda rami uku a saman bangon arewa, amma duka ukun an cusa musu tsumma. Ya ga muna kallo, ya riga mu magana, ya ce: "Malam, ba ni ba ne, uwargida ce. Ta ce ƙura na cika mata kwanoni." Muka ce tana da gaskiya, iskar hunturu daga arewa maso gabas take, ranar da ƙura ta taso a toshe, in ta lafa a buɗe. Muka tambaye shi raga. Ya ce sai ran kasuwa.